Shin rubuta mummunan mafarki daidai yake da ba da labarinsa?

Mariyama, Tawa

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Akwai tambayar da ta kwana biyu tana damuna, na ga gara in kawo ta inda masu ilmin addini da masu ilmin lafiya suke zaune wuri ɗaya. Shekara biyu da wata huɗu ke nan ina kwana da kaye da biro a ƙarƙashin matashi, duk asubar da na farka da mafarki a kaina sai in rubuta shi kafin ƙafata ta taɓa ƙasa. Na soma ne bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, domin a watannin farko nakan gan shi kusan kowane mako, amma kafin in gama alwala abin ya zube, ba ya barin komai sai nauyi a ƙirji, ni kuwa ina so in riƙe ko da kalma ɗaya ce daga cikin abin da ya faɗa mini. Yanzu ina cikin kaye na huɗu.

Wasu mafarkan ba su da kai ba su da gindi, amma sun fi abin da na gani ido biyu fitowa sarai. A damanar bara na ga tabkin Babaye ya cika ya malalo har cikin ajin da nake koyarwa, ruwa ya kai wa yara gwiwa, su kuwa suna zaune kan bencinansu suna ta maimaita karatu kamar ba abin da ya faru, ƙananan kifaye suna ratsawa tsakanin ƙafafunsu, Baba yana tsaye a bakin taga da tsohuwar rediyonsa a kafaɗa yana tambayata ko an shayar da tumaki. Har yau idan na buɗe shafin nakan ji sanyin ruwan a ƙafata.

Makon jiya yayata ta shigo gyaran ɗaki ta tarar da kaye na uku, ta buɗe sai ta faɗa kan wani mummunan mafarki da na yi game da ƙanenmu da ke bida a Libiya, wanda ba zan maimaita shi a nan ba. Hankalinta ya tashi ƙwarai, ta ce Manzon Allah (SAW) ya hana ba da labarin mummunan mafarki, ni kuma na je na dasa shi a takarda. Shin rubutawa ba da labari ne? Idan haka ne, yaya zan yi da kaye huɗu?

Malam Habibu, Bukoki, Yamai

Wa alaikumus salam, Malama Mariyama. Allah ya gafarta wa mahaifinku, ya sa ganinsa da kike yi alheri ne. Yayarki ba ta ƙago maganar ba. Ya zo a hadisi ingantacce cewa mafarki iri uku ne, akwai na gari wanda bushara ce daga Allah, akwai wanda Shaiɗan ke jefawa don ya ɓata wa mutum rai, akwai kuma zancen zuci, wato abin da mutum ya yini yana saƙawa ya biyo shi cikin barci. Wanda ya ga abin da yake ƙi an umurce shi ya yi tofi ta hagunsa sau uku, ya nemi tsarin Allah daga Shaiɗan da sharrin abin da ya gani, ya juya kwanciyarsa, ya tashi ya yi salla idan ya samu iko, kada kuma ya faɗa wa kowa, to ba zai cutar da shi ba. Muslim ya ruwaito labarin mutumin da ya zo ya ce ya ga an sare masa kai a mafarki, sai Annabi (SAW) ya hana shi ba mutane labarin wasan da Shaiɗan ya yi da shi a barci. Mafarki na gari ma ba kowa ake faɗa wa ba sai masoyi, ga Annabi Yaƙubu nan a aya ta 5 ta Suratu Yusuf yana hana ɗansa ba ƴan'uwansa labarin taurari 11 da rana da wata da ya gani.

Takarda ba mutum ba ce, saboda haka ba zan ce kin yi zunubi ba. Sai dai ki dubi abin da ake nufi da hanin. Mummunan mafarki baƙo ne da aka ce kada a shimfiɗa masa tabarma, a bar shi tsaye a ƙofa har ya gaji ya wuce, ke kuwa kin ba shi ɗaki kin sa masa kwanan wata. Ga shi kuma takardar ta yi magana ba da izininki ba, yayarki ta kwana da fargabar da ba ta kamata ta ɗauka ba. Shawarata ki ci gaba da rubuta na gari da waɗanda ba su da illa, ki bar munanan su bi iska.

Salisu, ma'aikacin jinya, Yamai

Allah gafarta Malam, ba ni da ja a kan hukunci, wannan fagenku ne. Ina so dai in yi wa Malama bayanin abin da ya sa mafarkin ke zubewa kafin ta gama alwala, domin kowa haka yake. A shekarar 1953 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Shikago ta Amurka, Aserinsky da Kleitman, suka lura cewa akwai lokutan da ƙwayar idon mai barci ke kai-komo da sauri a ƙarƙashin fatar ido, kuma idan aka tashe shi a daidai lokacin, galibi yakan ce mafarki yake yi, ya kuma ba da labarinsa dalla-dalla. Wannan yanayi yana dawowa kusan kowane minti 90, na farkon dare gajere ne, na goshin asuba ya fi tsawo, shi ya sa yawancin mafarkan da muke tunawa na wajen kiran salla ne. Ƙwaƙwalwa a lokacin ba ta adana abu yadda take yi a farke, don haka wanda ya buɗe ido ya ɗauki salula ko ya shiga magana, cikin ƴan mintoci ya yi asarar mafi yawansa. Dabarar da Malama ta gano da kanta, ta rubutawa kafin saukowa daga gado, ita ce masu binciken ma suke bi.

Abin da zan ƙara mata shi ne ta riƙa rubuta yadda jikinta ya kwana a gefen kowane mafarki. Zazzaɓi yana kawo mafarkai masu rikitarwa, duk wanda ya yi jinyar mai masassarar cizon sauro ya san haka. Akwai magungunan da aka san su da kawo mafarkai masu tsanani, kamar mefulokin na zazzaɓin cizon sauro da efabirenz na masu ɗauke da cutar sida. Zafin Afrilu da Mayu, lokacin da wuta ke ɗaukewa mutum ya yi ta farkawa cikin gumi, shi ma yana sa a tuna mafarki da yawa, saboda mai yawan farkawa shi ne mai yawan kama mafarkinsa da ɗumi. Haka barcin bayan sahur da asuba a watan azumi. Mutane da yawa sun zo mini a firgice suna cewa an yi musu jifa, da muka bi kwanakin sai muka ga ranar da mafarkan suka soma ita ce ranar da suka soma shan wani magani.

Hajiya Rabi, Tawa

Mariyama ɗiyata, ni abin da nake tsoro a kayen nan ba Shaiɗan ba ne kaɗai, sunaye ne. A gidan da na yi zaman aurena na farko, wata yarinya ta kwanta ciwo, ta ce ta ga matar wan mijinta a mafarki tana miƙa mata fura a ƙwarya. Kin san yadda muke ɗaukar mafarkin cin abinci. Kafin azahar magana ta zagaya unguwa cewa matar nan mayya ce, ta kama kurwar yarinyar, yara suka daina karɓar abinci daga hannunta, mata suka daina aron turminta. Baiwar Allah nan ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, tana kwance a ɗakinta wata ta yi mafarki da ita. Yarinyar ta warke bayan an kai ta likita, amma sunan bai goge ba har matar ta koma garinsu. Wannan fa magana ce ta baki, wadda ake iya musantawa. Ki duba in da a rubuce take, da rubutun hannun malamar lakwal, wadda mutane ke ganin ba ta faɗin abin banza.

A da idan mun yi mafarkin da ya tsorata mu, sadaka muke yi, a soya masa a raba wa yara, a yi shiru da bakin. Ban hana ki rubutu ba, ku ƴan boko da alƙalami kuke tunani. Amma kada sunan mai rai ya shiga kayen nan a kan wani abin ƙi, ko da harafin farko ne, domin gida ɗaya ba a rasa mai gane harafi.

Alhaji Idi, Abijan

Ni ɗan Tawa ne, shekara 26 ina bida a nan, kuma ina so in ce wa ƙanena Salisu kada ya mayar da komai zazzaɓi da magani. Daren da mahaifiyata ta rasu, lokacin ba salula, ina kwance a shago na gan ta sanye da fararen kaya tana tsaye a bakin rijiyar garinmu, ta ce mini in ɗauki guga ita ta gaji. Na farka ina kuka ban san dalili ba. Bayan kwana 12 wani ɗan garinmu ya sauka da saƙon rasuwa, da muka ƙirga sai ya faɗa daidai daren. Ba zazzaɓi nake yi ba, ba magani na sha ba. Ban rubuta ba, kuma ban manta ko ɗaya ba. Mafarkin gaskiya ba ya bukatar kaye, shi ke riƙe mutum.

Mariyama, Tawa

Baba Alhaji, Allah ya jiƙan Inna, kuma ban isa in yi shakkar abin da ka gani ba, tunda Annabi (SAW) da kansa ya ce mafarki na gari yanki ne ɗaya daga cikin yanki 46 na annabci. Amma ka yi mini izini in faɗi abin da kayen ya koya mini game da kaina, domin shi ne dalilin da ya sa nake jin nauyin rabuwa da shi.

Lokacin da ƙanwarmu ta haifi namiji, na tashi a gaban mata ranar suna na ce ai na gani a mafarki tun tana da cikin wata uku, na gan ta riƙe da ɗa namiji a zanen goyo shuɗi. Da zuciya ɗaya na faɗa, ina ganin hoton a idona. Da dare na ɗauko kaye don in nuna wa yayata shaida, sai na tarar abin da na rubuta shi ne, na ga jariri a hannun wata mata da ban gane fuskarta ba, a cikin motar zuwa Ƙonni. Babu ƙanwata a ciki, babu namiji ko mace, babu zane shuɗi. Zanen shuɗin shi ne wanda na saya da hannuna a kasuwa na kai gudummawa. Ashe zuciyata ce ta ɗauki abin da ya faru ta koma baya ta ɗinka shi a jikin mafarkin, ni ban sani ba. Tun daga ranar na bi kayen shafi-shafi, na ga mafarkai da yawa da suka tsorata ni ba wanda ya auku, na ga kuma yawancin baƙin abubuwan da ke ciki suna da tushe a abin da na gani kwana ɗaya ko biyu kafin nan. Ruwan da ya shiga aji ma, a gefen shafin na rubuta cewa rufin ajin ya yi yoyo a makon.

Akwai guda biyu da har yanzu ba ni da bayaninsu, kuma sun zo daidai da abin da ya faru bayansu. Su biyun nan na yarda da su ne saboda tawadarsu ta bushe tun kafin abin ya faru.

Malam Habibu, Bukoki, Yamai

Malama, wannan magana taki ta sa na sake zama. Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa wanda ya yi da'awar mafarkin da bai gani ba, za a ɗora masa ƙulla ƙwayar sha'ir biyu ranar ƙiyama, kuma ba zai iya ba. Wanda ya yi kuskure ba da gangan ba bai shiga wannan narkon ba, amma mai tsoron Allah zai so ya san cewa abin da yake faɗa shi ne abin da ya gani, kuma na yarda rubutu a kan lokaci yana tsare wannan amana fiye da tuni. Kiyaye mafarki na gari ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Annabi (SAW) yakan juyo bayan sallar asuba ya tambayi sahabbai ko akwai wanda ya yi mafarki a daren, kiran sallar da muke ji kullum ma Abdullahi ɗan Zaidu ne ya ji lafazinsa a mafarki Annabi ya tabbatar. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin jihar Tawa taku a 1754, ya rubuta da kansa abin da aka nuna masa yana ɗan shekara 40, inda Shehu Abdulƙadir Jilani ya ɗaura masa takobin gaskiya.

Inda zan ja kunnenki shi ne fassara. Littafin da ake sayarwa a bakin masallatai da sunan Ibnu Sirina, malamin Basra da ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, masu bincike da yawa sun ce ba shi ya wallafa shi ba. Ko da shi ne, fassarar mafarki ba ƙamus ba ce da za a ce maciji kaza ne, ruwa kaza ne. Ana ba da labarin cewa mutum biyu sun zo masa kowanne ya ce ya ga yana kiran salla, ya ce wa ɗaya zai yi aikin hajji, ya ce wa ɗayan za a kama shi da sata, saboda ya dubi halin kowannensu. Mutanen fadar sarkin Masar ma da ya ga shanu bakwai masu ƙiba ramammu bakwai suna cinye su, cewa suka yi tarkacen mafarkai ne, sai da aka kai wa Annabi Yusufu. Kada ki zauna da kaye a hannun dama da littafin fassara a hagu kina yanke wa kanki hukunci.

Ibrahima, direba, Talaje, Yamai

Malam, a gafarce ni in shigo da tawa. Shekara guda ke nan da na yi hatsari tsakanin Doso da Dogonduci, yaron motata ya rasu a hannuna. Tun daga nan kusan kowane dare mafarki ɗaya nake yi, ina taka birki yana nutsewa ƙasa ba ya kamawa, ga fitila tana tahowa. Na yi tofi, na yi addu'a, na juya kwanciya, na yi sadaka, ban faɗa wa kowa ba sai yau. Yanzu tsoron kwanciya nake yi, ina kai wa ƙarfe biyu zaune a ƙofar gida, ga tuƙi da safe. Ni ma in yi shiru ya bi iska?

Salisu, ma'aikacin jinya, Yamai

Yaya Ibrahima, Allah ya jiƙan yaron, ya ba ka haƙuri. Naka ba irin na Malama ba ne, ciwo ne sananne da ke bin wanda ya ga tashin hankali, kuma ana maganinsa. Ka je ka ga likitan da ke duba lafiyar ƙwaƙwalwa, zuwa wajensa ba ya nufin hauka, kuma direban da ba ya barci ransa da na fasinjansa ne a hannunsa. Cikin hanyoyin da ake bi har da rubutu, shi ya sa nake so Malam ya ji. Da rana tsaka, ba da dare ba, mutum yakan ɗauki mafarkin da ke maimaita kansa ya sauya masa hanya a takarda yadda yake so, misali birkin ya kama, motar ta tsaya a gefen hanya, ya sauko ya taka ƙasa. Sai ya riƙa zama kowace rana na ƴan mintoci yana kawo sabon hoton a zuciyarsa. An gwada wannan a kan mutanen da suka tsira daga bala'i iri-iri, kuma da yawansu mafarkin yakan ragu cikin makonni. Amma ga wanda abin ya yi wa nauyi kamar kai, gara a yi shi tare da likita.

Malam Habibu, Bukoki, Yamai

Ibrahima, ka bi maganar Salisu, kada ka jinkirta. Abu Salama ya ce yakan yi mafarkin da ke sa shi rashin lafiya, har ya ji Abu Ƙatada ya ce shi ma haka yake kafin ya ji koyarwar Annabi (SAW), ka ga magabata ma sun san mafarki na kwantar da mutum. Marar lafiyar da ya gaya wa mai magani inda ke masa ciwo ba yaɗa mafarki yake yi ba, neman magani yake yi, kuma an umurce mu da shi. Ka riƙe addu'o'in kwanciya, ka karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, ka kuma je likita. Abin da Salisu ya kwatanta ma, in na fahimta, ba adana mummunan ake yi ba, canza shi ake yi. A kan mai lafiyar da ya yi mummunan mafarki sau ɗaya kuwa, ina nan a kan bakana, kada ya rubuta.

Alhaji Idi, Abijan

Mariyama, na ji labarin zanen shuɗi, kuma na kwana ina tambayar kaina ko fararen kayan nan na gan su a daren ko bayan saƙo ya iso na sa mata su. Rijiyar da gugar dai na tabbata, domin da safen na faɗa wa maƙwabcin shagona, yana nan da rai. Ibrahima, Allah ya yaye maka.

Mariyama, Tawa

Na gode iyayena, Allah ya saka da alheri. Jiya da la'asar na zauna da yayata na sake buɗe shafin da ya tsorata ta, na nuna mata kwanan watan da ke samansa. Wata bakwai ke nan da yin mafarkin, ita kuwa ta ɗauka na makon nan ne, kuma a gefensa na rubuta cewa a ranar na ji labarin wata mota da ta lalace da mutane a hamada bayan Agadas. Tun daga lokacin ƙanenmu ya kira mu ba sau ɗaya ba, har aike ya yi mana da babbar salla. Sai da ta ga kwanan watan sannan ta saki ajiyar zuciya. Duk da haka na yage shafin a gabanta na sa a murhu, tare da wasu 14 da na tsince daga kayen huɗu, na kuma bi da biro na shafe sunan duk wani mai rai kamar yadda Hajiya ta ce.

Daga yanzu idan na yi mummuna zan yi abin da Malam ya karantar, sannan in sa kwanan wata da ɗigo ɗaya kawai, da yadda jikina ya kwana, don idan ɗigon ya yi yawa a jere in san lokacin neman Malam Salisu ya yi. Kayen kuma sun koma cikin akwati mai makulli. Na Baba ban taɓa ko ɗaya ba. Na ƙirga su jiya, 31 ne, kuma a cikin 19 daga ciki tambayar tumakin nan yake yi, alhali mun sayar da su tun bayan sadakar arba'in.